Sayen babban allon kwamfuta: a ƙidaya ɗigo kafin a biya kuɗi

A wani biro inda nakan kai takardu a buga, an sauke tsofaffin allunan kwamfuta masu inci 24, an ɗora sababbi masu inci 32. Ranar da aka buɗe kwalayen kowa murna yake yi, har ɗan aike ya tsaya bakin ƙofa yana kallo, ya ce yau kowa ya sami telebijin tasa. Ba a yi mako biyu ba sai sakatariyar da ta fi kowa daɗewa a wurin ta roƙi a mayar mata da tsohon allonta. Ta ce baƙaƙen sun yi ƙiba amma bakinsu ya dushe, kamar rubutun tawada bisa takardar da ta sha raɓa, kuma kullum la'asar ta yi sai kanta ya riƙa sara. Ta ƙara da cewa layukan da take gani a da su ne dai take gani yanzu, ko ɗaya bai ƙaru ba. Mai kula da sayayya ya yi mamaki, domin kuɗin da ya fitar ba kaɗan ba ne, kuma a tunaninsa babba ya fi ƙarami ko a wace kasuwa. Da aka ɗauko takardar da ta zo da kayan aka duba, sai aka tarar lamba ɗaya ce a jikin tsoho da sabo: 1920 × 1080. Faɗin gilashi kurum aka saya.

Irin wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa, tun da yake yanzu kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi kira ordinater, ta shiga ko'ina: ma'aikatun gwamnati a Yamai, da na jihohi a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da gidajen magajin gari, da asibitoci, har da ƙananan shagunan buga takardu da ke bakin kasuwa. Wanda ke zama gaban allo awa bakwai ko takwas a yini, idonsa ne jarinsa. Kuɗin sayen allon kuwa, na baitulmali ne ko na aljihu, in an fitar da shi yau ba a sake fitarwa sai bayan shekaru. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin lambobin nan da ake rubutawa a jikin kwali, ta yadda duk wanda ya iya lissafin rabawa, ko da a ajin yaƙi da jahilci ya koya, zai iya auna allo da kansa, ba sai ya dogara ga bakin mai sayarwa ba.

Mene ne ɗigo?

Idan mai karatu ya matso da idonsa dab da farin wuri a allon kwamfuta, ko ya ɗora gilashi mai ƙara girma a kai, zai ga hoton ba shafe yake ba kamar fenti. Ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu, an jera su layi-layi, kowane da haskensa. Kowane gida shi ne masana ke kira fiksel. A nan za mu ce masa ɗigo. A cikin kowane ɗigo akwai ƴan tsagi uku, ja da kore da shuɗi. Ta hanyar ƙara hasken wannan a rage na wancan ake samun dukan launukan da muke gani. In ukun sun haska gaba ɗaya ido ya ga fari, in sun rufe ya ga baƙi.

Ma'anar 1920 × 1080 ita ce ɗigo 1920 ne jere daga hagu zuwa dama, kuma irin wannan jeri 1080 ne daga sama zuwa ƙasa. In aka ninka su za a sami miliyan 2 da dubu 73 da 600. Shi ne ake rubuta wa Full HD a kwali. Na gaba da shi, 2560 × 1440, ana rubuta masa QHD, kuma yana ɗauke da miliyan 3 da dubu 686 da 400. Sai 3840 × 2160, wanda aka sani da 4K ko UHD, mai miliyan 8 da dubu 294 da 400, wato ninki huɗu daidai na Full HD. Waɗannan ɗigogi an gina su cikin gilashin tun daga masana'anta, babu mai gyaran da zai ƙara su. Idan aka umarci kwamfuta ta aiko da hoto mai lamba dabam da ta allon, allon zai shimfiɗa hoton bisa ɗigoginsa ta ƙarfi, sai rubutu ya yi hazo. Sau da yawa nakan tarar da allo mai kyau ana zaginsa, alhali lambar da aka sa a cikin kwamfutar ce ba tasa ba.

Lambobin nan sun yi tafiya mai nisa. Macintosh na farko da kamfanin Apple ya fitar a 1984 allonsa inci 9 ne, da ɗigo 512 × 342. A 1987 kamfanin IBM ya kawo ƙa'idar VGA mai 640 × 480, wadda sunanta ya zauna har yau a kan wayar nan mai shuɗin kai. Dattawan da suka rigaye mu aiki, waɗanda suka bar mashin ɗin buga rubutu suka koma kan allunan farko masu ƙaton ƙeya, da irin waɗannan ƴan ɗigogi suka yi shekaru suna aiki.

Inci kuwa awo ne na Ingila da Amurka, kuma inci ɗaya santimita 2,54 ne. Abin lura shi ne ba faɗin allo ake aunawa ba, daga kusurwar ƙasa ta hagu ake ja zuwa kusurwar sama ta dama. Galibin allunan yau fasalinsu 16 bisa 9 ne, don haka mai inci 24 faɗinsa santimita 53 ne, tsayinsa 30. Mai inci 27 yana da faɗin 60 da tsayin 33 da rabi. Mai inci 32 yana da faɗin kusan 71 da tsayin kusan 40.

Awon tela ya isa

To, ga girma a gefe ɗaya, ga yawan ɗigo a ɗaya gefen. Abin da ke haɗa su shi ne cunkoson ɗigo, wato ɗigo nawa ne ke cikin kowace santimita. Mu ɗauki misali daga masaƙa. An ba masaƙa biyu zare adadi ɗaya. Na farko ya matse zarensa ya fitar da ƙyalle mai faɗin tafin hannu, na biyu ya baza nasa ya fitar da mai faɗin taƙi. Na biyu ya fi faɗi, babu gardama, amma in aka ɗaga shi ga rana za a hangi mutum ta cikinsa, kuma adon da aka yi masa zai fito da haƙora-haƙora. Abin da ya sami sakatariyar nan ke nan: zare ɗaya aka baza bisa faɗi mai yawa.

Masu ƙera allo suna lissafin cunkoso da inci, kuma lissafin nasu yana bi ta kusurwa, yana da ɗan wuya. Akwai hanya mai sauƙi. A ari awon tela, a auna faɗin gilashin da ke haske daga hagu zuwa dama, ban da bakin roba, sa'an nan a raba lamba ta farko da abin da aka samu. Allo mai inci 24 da 1920: a raba 1920 da 53, a sami 36. Ɗigo 36 ke nan a santimita, wanda ya yi daidai da kusan 92 a inci. Wannan shi ne ma'aunin da ido ya saba da shi a biro, domin tun da daɗewa kamfanin Microsoft ya gina tsarin Windows bisa zaton allo yana da ɗigo 96 a inci, wato kusan 38 a santimita. Duk allon da ke kusa da wannan lamba, baƙaƙe za su fito da girman da aka nufa.

Yanzu a bar 1920 a inda yake a ƙara girman gilashi. A inci 27 lissafi ya sauka zuwa 32. A inci 32 ya faɗi zuwa 27, wato rubu'in cunkoson ya tafi. In kuwa aka ɗauki 2560, a inci 27 za a sami 43, a inci 32 a sami 36. Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe: allo mai inci 32 da 2560 × 1440 cunkosonsa ɗaya ne da na mai inci 24 da 1920 × 1080. Baƙaƙen ba su ƙara girma ba, ba su ƙara kaifi ba, amma fili ya ƙaru sosai, kamar an ƙara wa mutum faɗin tebur. Da wannan aka sayo wa biron nan, da ba a ji kukan kowa ba. Shi kuwa 3840, a inci 32 yana ba da 54, a inci 27 ya ba da 64.

Abin da ya shafi rubutun Hausa

A nan ne maganar ta fi damun mu masu aikin fassara. Rubutun da aka saba bugawa a takardun gwamnati lamba 12 ne. A allo, in ba a taɓa komai ba, baƙin lamba 12 yana zaune ne cikin gida mai tsayin ɗigo 16, kuma a cikin 16 ɗin nan ne ake raba wa kan baƙi, da cikinsa, da wutsiyarsa. Ƙaramin baƙi irin a ko o bai wuce ɗigo bakwai ko takwas ba. Lanƙwasar da ke bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, ɗigo biyu ne ko uku. Haka nan ta ƴ, wadda mu a Nijar muke rubutawa da ƙugiya, ƴan'uwanmu na Najeriya kuwa suke sa wa waƙafi a gaba. Faransanci ma yana da alamominsa a kan wasula, amma mai karanta Faransanci in alamar ta ɓace galibi yakan gane kalmar. Mu kuwa ɗigo ukun nan ne tsakanin kasa da ƙasa, tsakanin baki da baƙi, tsakanin doki da ɗoki. Takardar da ta ce an kira sarakuna fada, da wadda ta ce an kira su faɗa, ba saƙo ɗaya suka kai ba. Tun da kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, wannan ƴar ƙugiya ta wuce a yi mata riƙon wasa a biro.

Babban allo mai ƙarancin ɗigo ba ya taimakon mai duba kuskure. Ƙugiyar tana nan da ɗigo ukunta, sai dai kowane ɗigo ya yi kauri, ta koma kamar dunƙulen tawada. Abin da ke fitar da ita fili shi ne a zana ta da ɗigogi masu yawa ƙanana. Shi ya sa sau da yawa kuskuren da ya wuce mutum a allo yakan kama shi nan take in an buga a takarda: injin buga takarda na biro yakan sa ɗigo 600 a inci, wato ya ninka na allon inci 24 fiye da sau shida.

Akwai kuma maganar shafi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsayinta 29,7. In aka nuna ta a allo da girmanta na ƙa'ida tana bukatar ɗigo 794 a faɗi, 1123 a tsayi. Allon da ke da 1080 daga sama zuwa ƙasa ba zai nuna shafin duka ba, ko da girmansa ya kai ƙofar zaure. Balle ma kayan aikin da ke jere a saman allo suna cin nasu rabo. Mai 1440 kuwa yana nuna shafi sukutum har da rara, kuma faɗinsa na 2560 yana ɗaukar shafi uku gefe da gefe. Mai fassara ya san daɗin wannan: Faransanci a hagu, Hausa a tsakiya, ƙamus a dama, ba tare da buɗe wannan a rufe wancan ba. Haka ma mai lissafin kuɗi da ke fama da dogon jadawalin albashi. Ga wanda ƙarfinsa bai kai ba, akwai allunan inci 24 masu 1920 × 1200, waɗanda suka ƙara jeri 120 a tsayi, akwai kuma masu ƙafar da ake juyawa allon ya tsaya a tsaye kamar takarda.

Nisan ido

Cunkoson ɗigo ba ya da ma'ana sai an haɗa shi da nisan da mutum ke zaune. Kowane malamin makaranta ya san rubutun alli da ɗan gaba ke gani da ƙura da tsage-tsage, ɗan baya sumul yake ganinsa. Likitocin ido suna da ma'auni: idon da aka ce yana gani 10 bisa 10 yana iya rarrabe abubuwa biyu da ke da tazarar da ba ta kai sulusin milimita ba, in suna nisan mita ɗaya. Daga nan ake fitar da ƙa'ida mai sauƙi. A raba 3400 da yawan ɗigo a santimita. Abin da ya fito shi ne nisan da ɗigogin za su narke su zama hoto ɗaya, a santimita.

Allo mai 36 yana bukatar kusan santimita 95. Mai 43 yana bukatar 80. Mai 54 yana bukatar 63, mai 64 kuwa 53. Mai 27, irin wanda aka kawo wa sakatariyar nan, sai mutum ya ja baya mita ɗaya da rubu'i. To, wane tebur ne a birorinmu ke da wannan zurfi? Galibin mutane suna zama ne nisan tsawon hannu, tsakanin santimita 50 zuwa 70. A wannan nisa har allon inci 24 da muka saba da shi ana iya ganin ɗigoginsa in an ƙura ido, sai dai sabo ya sa ba mu damu ba. Amma wanda ya sauka ƙasa da 36 a kan tebur, idonsa zai yi ta ƙoƙarin daidaita abin da ba ya daidaituwa, daga safe har tashi.

Wannan ne kuma ya sa rubutu a wayar salula ya fi na allon biro kaifi. Waya ana riƙe ta kusa da fuska, don haka aka cunkusa mata ɗigo. Wayar iPhone 4 ta 2010 ta zo da 326 a inci, wato 128 a santimita, kuma a yau wayoyi da yawa, har masu araha, sun wuce 100. A 2014 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar tebur mai allon inci 27 da 5120 × 2880, wato 86 a santimita. Abu ne mai kyan gani, amma tsadarsa ba ta ƙaramin biro ba ce.

Girman gilashi ma yana da iyaka. Allo mai faɗin santimita 71 da aka ajiye nisan 60, sai mutum ya riƙa juya wuya kafin ya ga kusurwa. In an sayi inci 32 a tabbatar tebur yana da zurfin da za a tura shi baya, kuma bakinsa na sama ya zo daidai da ido ko ƙasa kaɗan, kada mutum ya wuni yana ɗaga haɓa.

Shin a sayi 4K?

Mai karatu zai ce, tun da yawan ɗigo ne alheri, ai sai a sayi mafi yawa a huta. A dakata tukuna. Mun ce baƙin lamba 12 ɗigo 16 yake ci. A takarda tsayin gidansa ya ɗara milimita 4 kaɗan. A allo mai 36 ya zo kusa da haka. A mai 43 ya ɗan rage, bai kai 4 ba, amma yana karantuwa. A allon 4K mai inci 27 kuwa, inda ɗigo 64 ke cikin santimita, sai ya koma milimita 2 da rabi, kamar sawun tururuwa. Maganin wannan yana cikin kwamfutar: ana umartar ta ta ƙara girman komai, zuwa 125 bisa 100, ko 150, ko 200. In aka sa 150, baƙin nan zai ci ɗigo 24 maimakon 16, ya dawo girmansa, kuma ƙugiyar ƙ ta fito da kai da wuya. Amma filin aiki ya koma daidai da na 2560 × 1440. In aka sa 200, ya koma na 1920 × 1080. Wato a inci 27, wanda ya biya kuɗin 4K kaifin rubutu ya saya, fili kuwa kusan ɗaya ne da na QHD. Ga mai duba rubutu, da mai zanen taswira, da mai gyaran hoto, kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. Ga mai karɓar wasiƙu yana shigar da lambobinsu, a ganina ɓarna ce.

Wata matsala kuma ita ce tsofaffin manhajoji. Ma'aikatu da yawa suna aiki da manhajar lissafi ko ta rajista da aka rubuta tun kafin irin waɗannan alluna su yaɗu. In aka ƙara girma, wasunsu sukan fito da hazo, wasu kuma su ƙi ƙaruwa, su tsaya mitsi-mitsi a tsakiyar allo. Kafin a sayi ashirin, a ari ɗaya a gwada da manhajar da ake aiki da ita kullum.

Ga waɗanda suka haura shekara arba'in, waɗanda ƙananan baƙaƙe suka fara yi wa gardama, akwai abin da ya kamata a faɗa. Wasu sukan zaɓi babban allo mai ƙarancin ɗigo da gangan, don baƙaƙen su yi manya. Ya fi kyau a sami mai cunkoso a ƙara girman rubutu daga cikin kwamfuta: girman ɗaya ne, amma bakin baƙaƙen a yanke yake. Kuma a je wurin likitan ido, don allo ba ya maye gurbin tabarau.

Sai batun kwamfutar kanta da wayar da ke haɗa su. Allo yana sabunta hotonsa sau da yawa a kowane sakan, kuma sau 60 ne aka saba. Mahaɗar HDMI tana da iri-iri. Ta 1.4, wadda ta fito a 2009, tana iya kai hoton 4K amma sau 30 kurum a sakan, sai ka ga kibiyar linzami tana tafiya da tsalle-tsalle kamar mai ɗingishi. Sai ta 2.0, ta 2013, ko DisplayPort 1.2, ke kai shi sau 60. Wayar VGA mai shuɗin kai da ƙusoshi 15 kuwa ba a yi ta don wannan aiki ba. Ko a 1920 × 1080 takan sa rubutu ya yi inuwa in wayar ta yi tsawo ko ta tsufa. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ƙasarmu sun kwana biyu. A juya bayan kwamfuta a ga irin ramukan da take da su, a nemi sanin iyakar abin da za ta iya fitarwa, kafin a je kasuwa. Ba a sayen sirdi kafin a ga doki.

Tarkon telebijin

Akwai dabarar da ta yaɗu a shagunan buga takardu, wato a sayi telebijin mai inci 32 a haɗa da kwamfuta, tun da ta fi allo araha kuma da dare a kalli ƙwallo. A duba bayanta da kyau. Telebijin da yawa masu wannan girma, waɗanda aka rubuta wa HD kurum, ɗigonsu 1366 × 768 ne. A raba 1366 da 71: ɗigo 19 a santimita, rabin abin da ido ya saba da shi. Bisa ƙa'idar da muka bayar, sai an zauna kusan mita biyu kafin hoton ya haɗu, kuma jeri 768 bai kai kashi bakwai cikin goma na shafin A4 ba. Bayan haka telebijin tana yi wa hoto gyare-gyare don fim da wasa su yi armashi, gyaran kuwa yana ɓata gefen baƙaƙe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce mai sayen telebijin bai san rariya ya saya ba. In dole sai telebijin, mai inci 43 da 4K na ainihi tana ba da kusan 40 a santimita, amma faɗinta ya kai santimita 95, sai tebur mai zurfi.

A ra'ayina, ga aikin rubutu da lissafi na yau da kullum, inci 24 ya tsaya a 1920 × 1080 ko 1200. In za a hau zuwa inci 27, a hau da 2560 × 1440. Wannan ne na fi yabawa, don ba ya bukatar a taɓa girman rubutu ga mai lafiyar ido, kuma kwamfutoci da yawa masu matsakaicin ƙarfi suna iya ɗaukarsa. A inci 32 kada a sauka ƙasa da 2560 × 1440, in da hali 4K.

Ranar saye, a tafi da takardar da aka saba aiki da ita a cikin ɗan makullin ajiya, wadda ke cike da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, a ce mai shago ya buɗe ta. Hotunan furanni da tsuntsaye da suke nunawa a shago kowane allo yana yi musu kyau. Baƙin rubutu bisa fari ne ke tona asiri. A zauna nisan da za a zauna a biro. A cika allon da fari, sa'an nan da baƙi, a nemi ɗigon da ya mutu ko wanda ya ƙi mutuwa, musamman a kayan gwanjo. A leƙa ta gefe da ta sama: allunan da aka rubuta wa IPS launinsu yana tsayawa, na TN kuwa yakan juye in an karkata, abin da ke da muhimmanci in mutum biyu ne za su duba takarda tare. A zaɓi gilashi marar ƙyalli, domin hasken ranar ƙasarmu in ya shigo ta taga yakan mayar da mai ƙyalli madubi. Kuma a tuna babban allo ya fi ƙarami shan wuta, ga masu aiki da batir ko hasken rana.

Ga shugabannin ma'aikatu da masu rubuta takardar odar kaya, gyaran bai wuce layi ɗaya ba. In aka rubuta “allo mai inci 32” kurum, ɗan kwangila yana da ikon kawo mafi araha, kuma ba za a ce ya saɓa alkawari ba. A rubuta girma, da yawan ɗigo, da irin mahaɗa, ukun a jere, sa'an nan ranar karɓar kaya a kunna ɗaya a duba lambar da kwamfuta ta nuna kafin a sa hannu.

A biron da muka fara da shi, an mayar wa sakatariyar tsohon allonta mai inci 24, wasu mutum biyu ma suka bi sahunta. Ɗaya daga cikin manyan allunan an kafa shi a bangon ɗakin taro, inda kujerar farko take nisan mita biyu, kuma daga can jadawalin kasafin kuɗi yana fita tsaf. Sauran suna cikin kwalayensu a ɗakin ajiya, ana jiran ɗan kwangila ya amsa wasiƙar da aka aika masa ta neman musanya.